Kiran na'ura don neman taimako: a hannun wa lambobin masu bayarwa za su kwana?

Da azumi ya ƙarato, gidauniyoyin marayu da kwamitocin masallatai kan shiga neman hanyar tuna wa jama'a alƙawarinsu. Wasu sun koma ga kiran na'ura: a naɗi muryar shugaba sau ɗaya, kwamfuta ta buga wa mutum dubu, ta ce danna 1 a turo maka lambar asusu. Kowa kuɗin minti yake fara tambaya. Ni jerin nake tambaya, wato sunaye da lambobi da abin da kowa ya bayar bara. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, wannan takarda ba abin wasa ba ce.

Zaɓina shi ne ku yi hayar layi daga kamfani irin Africa's Talking ko Twilio, jerin kuma ya zauna wurinku. Na'ura lamba kawai take buƙata, don haka lamba kawai za ku ɗora mata. Suna da adadi su tsaya a ofis, hannun mutum biyu, kowa da kalmar sirrinsa, yadda in abu ya fita za a san ƙofar da ya bi. Ku ne kuma ke rubuta abin da muryar za ta ce. Kada ta ce "Alhaji, mun gode da dubu ɗari biyar ɗin bara", domin sau da yawa yaro ne ko direba ke ɗaga wayar, mutumin kuwa a ɓoye ya yi sadakarsa. A sa maɓallin "kada a sake kirana", a goge tarihin kira bayan Sallah. Aibin wannan zaɓi biyu ne: sai kun sami matashin da ya iya haɗa shi, kuma irin su Twilio da dala ake biya.

Cibiyar kira ta haya tana ɗauke wahala, amma jerinku zai kwana a kwamfutar ma'aikacin da ba ku taɓa gani ba. Kafa naku da Asterisk, manhajar sarrafa kiran waya da ake samu kyauta, yana da daɗi har ranar da wuta ta ɗauke ko wanda ya haɗa shi ya sami aiki a Abuja.

Sai dillalan WhatsApp, masu cewa suna da "lambobin masu kuɗin Kano" kuma za su buga muku da araha. Ku guje su. Wata gidauniya da nake taimaka wa ta taɓa miƙa wa irinsu jerinta. Bayan Sallah aka riƙa kiran mutanenmu da sunanmu, ana ba su wani asusu daban. Wata Hajiya har lambar da banki ya turo mata aka nemi ta karanto. Allah ya sa ta kashe wayar, amma ba ta sake ɗaga kiranmu ba. Wanda ya sayar maka da lambobin wasu, naka ma yana da mai saye.

Kuma ba nan kaɗai ba. A 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA fam 25,000 da gidauniyar yaƙi da ciwon zuciya ta British Heart Foundation fam 18,000, saboda binciken arzikin masu ba su gudummawa a ɓoye da musayar bayanansu. A Amurka, a 2021 hukumar kare masu saye ta FTC ta rufe kamfanin Associated Community Services bisa zargin kira biliyan 1.3 na yaudara da sunan agaji.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin janye yardarsa, kuma ta ce in bayanai suka fita ta yadda za su cutar, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Kama sunan dillali ba zai wanke ku ba. Saboda haka duk wanda kuka ɗauka, a rubuta yarjejeniya: ina yake ajiye jerin, wa ke gani, yaushe zai goge. In ya fara kame-kame, ku tashi. A cikin muryar kuma a faɗa ƙarara cewa gidauniya ba ta tambayar BVN ko lambar kati ta waya, kuma sunan da zai fito a asusun na gidauniya ne, ba na wani mutum ba.