Wesley, Jake da Nog: Dalilin Da Ya Sa Masu Kallo Suka Ƙi Ɗaya Suka Karɓi Biyu

Ƙanenmu da ke karatu a Samaru ya ce ya fara kallon Star Trek: The Next Generation, wani shirin talabijin na ƙagaggen labarin tafiya a sararin samaniya, yana tsakiyar zango na ɗaya, kuma ya yi mamaki da ya ji cewa tsofaffin masu kallon shirin sun daɗe da tsanar Wesley Crusher, alhali shi bai ga laifin yaron ba. Ya kuma tambaya ko don Wesley yaro ne mai tsoma baki cikin maganar manya aka ƙi shi, in kuwa haka ne, me ya hana a ƙi Jake Sisko da Nog na Deep Space Nine, wani shirin na Star Trek, waɗanda su ma samari ne. Malam, a ganina amsar tambayarka ta farko tana cikin ta biyun, don haka zan jera yaran uku a duba yadda aka rubuta kowanne.

An fara nuna The Next Generation a Amurka a watan Satumba na 1987, aka yi zango 7 har zuwa 1994. Wesley ɗan shekara 15 ne a farkon labarin, ɗan likitar jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise, Beverly Crusher, kuma mahaifinsa ya rasu a bakin aiki ƙarƙashin jagorancin Kyaftin Picard. Wil Wheaton, wanda aka haifa a 1972, shi ya fito a matsayinsa. Shi kuwa Deep Space Nine an fara shi a Janairun 1993 aka kammala a 1999. Jake, wanda Cirroc Lofton ya fito a matsayinsa, ɗan kwamandan tashar sararin samaniya da aka gina shirin a kanta ne, Benjamin Sisko, mahaifiyarsa kuma ta mutu a yaƙi da wasu abokan gaba da ake kira Borg. Nog, wanda marigayi Aron Eisenberg ya fito a matsayinsa, ɗan ƙabilar Ferengi ne, mutanen da riba ita ce ma'aunin darajar mutum a wurinsu.

Zancen rashin ladabi ya faɗi tun a nan. Wesley yaro ne mai biyayya, mai girmama na gaba, wanda ko zama a kujerar kyaftin bai yi ba sai da aka yi masa izini. Nog kuwa a kashi na farko na shirinsu da sata aka kama shi, kuma shi da Jake sun sha yin ƙiriniya a kasuwar tashar har Odo, shugaban tsaro, ya riƙa korarsu. Da tarbiyya masu kallo suke aunawa, da Nog ne zai sha tsana, amma shi ne ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ƙauna a shirin.

Abin da ya ɓata wa mutane rai game da Wesley shi ne hanyar da marubuta suka bi wajen nuna hazaƙarsa. An gaya wa mai kallo cewa Enterprise ne jirgin da ya fi kowanne daraja a rundunar Starfleet, kuma waɗanda ke cikinsa su ne zaɓaɓɓun ƙwararru. Sai ga shi a kashi na biyu kacal, mai suna The Naked Now, wata cuta mai kama da maye ta kama mutanen jirgin, Wesley ya kwaikwayi muryar kyaftin da wata na'ura da ya ƙera, ya ƙwace ɗakin injiniyoyi, ya jefa kowa cikin haɗari, sannan shi ne ya kuɓutar da su da wata dabara da shugabar injiniyoyin ta ce sai an yi makonni kafin a tsara ta, shi kuwa ya tsara ta a kansa nan take. A The Battle, kallo ɗaya ya yi wa hoton ƙwaƙwalwar Picard ya gano abin da ya gagari mahaifiyarsa likita. A Datalore, shi kaɗai ya lura cewa Lore ya yi sojan gona a matsayin ɗan'uwansa Data, mutum-mutumin da ke cikin hafsoshin jirgin, da ya yi magana kuma Picard ya daka masa tsawa ya ce ya rufe bakinsa, mahaifiyarsa ma ta maimaita. Wannan tsawar ce masu kallo suka riƙe suna jifan sa da ita shekara da shekaru, duk da cewa a wannan ranar yaron ne yake da gaskiya.

A duk waɗannan wurare, ba a ɗaga Wesley ba sai da aka sauke manyan. Kafin ya yi daidai, dole Riker, mataimakin kyaftin, ya zama marar lura, injiniya ya zama marar dabara, kyaftin ya zama mai taurin kai. Wanda ya zauna kallo don Picard da Data da sauran hafsoshi irin su Geordi yana jin ciwo idan aka mai da su wawaye saboda a haska wani, kuma da yake ba ya ganin marubucin da ya yi masa haka, sai ya huce a kan fuskar da ke gabansa.

Ga Jake kuma an bi wata hanya dabam. Ba a taɓa cewa shi gwani ne a kimiyya ba, kuma a zango na biyu ya tattara ƙarfin hali ya gaya wa mahaifinsa cewa ba ya son shiga Starfleet, daga baya ya zama marubuci da ɗan jarida. A Nor the Battle to the Strong na 1996 ya bi likita Bashir zuwa fagen fama yana neman labari, da aka fara ruwan wuta sai ya ruga da gudu ya bar likitan, sannan ya rubuta gaskiyar tsoronsa ya miƙa wa mahaifinsa ya karanta. Babu wani babba da aka rage wa hankali don wannan labari ya yi tasiri. Abin alheri mafi girma da Jake ya yi a zango na ɗaya shi ne ya ɓuya a ɗakin ajiyar kaya yana koya wa Nog karatu, kuma wannan abu ne da kowane yaro mai zuciya zai iya yi.

Batu na biyu, wanda a wurina ya fi nauyi, shi ne yadda kowannensu ya sami matsayinsa. A Where No One Has Gone Before, tun cikin kashin farko-farko, wani baƙon halitta da ake kira Traveler ya keɓe da Picard ya gaya masa cewa Wesley irin Mozart ne, wato mawaƙin nan da baiwarsa ta bayyana tun yana yaro, amma a fannin lokaci da makamashi, kuma kafin kashin ya ƙare an naɗa yaron ƙaramin hafsa na riƙo. Daga zango na biyu shi ke zama a kujerar tuƙin jirgi mai ɗauke da mutane fiye da dubu, a ƙarshen zango na uku kuma aka tabbatar masa da muƙamin tun bai shiga makarantar hafsoshi ba. Mu da muke Zariya muna ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kanmu, kuma mun san ɗalibi yakan daɗe a aji da kuma gefen malaminsa kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai ko da a ƙaramin jirgi ne. Mai kallo a ko'ina yake yana da irin wannan sani, shi ya sa ya kasa yarda da abin da aka nuna masa. Ya kuma ƙara wa abin gishiri cewa wanda ya ƙirƙiro shirin cikakken sunansa Eugene Wesley Roddenberry, sai mutane suka ɗauki yaron a matsayin ɗan gatan mai shirin, wanda aka ba sunan uban gida aka kuma share masa hanya.

Nog ya nemi irin wannan matsayi, amma a dubi abin da ya sha. A Heart of Stone, cikin zango na uku, ya je wurin Sisko yana roƙon takardar shaida don ya shiga makarantar Starfleet, inda babu Ferengi ko ɗaya da ya taɓa shiga. Sisko ya zarge shi da wata manaƙisa, ya gwada shi da ƙidayar kayan wani ɗakin ajiya shi kaɗai, ya yi aikin ba tare da ya ɗauki ko allura ba, duk da haka aka ƙi shi. Sai da aka matsa masa ya fashe ya faɗi dalilinsa na gaskiya, cewa mahaifinsa Rom gwani ne wajen gyaran na'urori amma ya ƙare yana yi wa wansa Quark bauta a mashaya saboda ba shi da basirar kasuwanci, shi kuma ba ya son ya ƙare haka. Ya tafi makaranta, ya dawo, ya shiga yaƙi, a The Siege of AR-558 na 1998 ya rasa ƙafarsa, aka kuma ware kashi guda, It's Only a Paper Moon, ana nuna yadda tsoro ya hana shi komawa rayuwarsa. Duk wani girma da Nog ya samu, mai kallo ya ga kuɗin da ya biya.

Akwai kuma batun iyaye. Zaman Jake da mahaifinsa yana daga cikin ginshiƙan shirinsu, suna girki tare, suna saɓani, suna rungumar juna, har aka gina The Visitor na 1995 a kan wannan ƙauna, kashin da mutane da yawa ke sawa cikin mafiya kyau a duk tarihin Star Trek. Wesley kuwa a zango na biyu an ɗauke mahaifiyarsa daga shirin gaba ɗaya aka bar shi a jirgin, ba shi da aboki sa'arsa mai ɗorewa, don haka kusan kullum a wurin aikin manya ake ganinsa. Adalci ne dai a faɗa cewa Jake ya tsira daga wani ɓangare na suka ne saboda ba a yawan nuna shi, musamman a zango na ƙarshe inda marubuta suka yi sakaci da shi, kuma wannan ma aibi ne.

Hujjata mafi ƙarfi cewa matsalar ta rubutu ce tana cikin labarin Wesley kansa. Wheaton ya bar shirin a zango na huɗu a 1990, ya riƙa dawowa jifa-jifa. A The First Duty na 1992, Wesley yana ɗalibi, shi da abokansa huɗu sun gwada wani salon tuƙi da aka haramta, ɗayansu ya mutu, sauran suka haɗa baki suka ɓoye gaskiya a gaban kwamitin bincike. Picard ya gano, ya kira shi ya ba shi zaɓi, ko ya faɗa da bakinsa ko shi Picard ya faɗa. Wesley ya tashi ya amsa laifi, aka kori shugabansu, shi kuma aka soke masa karatun shekara guda. Ɗan wasan bai sauya ba, yaron da aka ƙi ne dai, amma ko masu tsanarsa sukan yaba wannan kashi. Ɗaya daga cikin marubutansa, Ronald D. Moore, ya koma Deep Space Nine daga baya, kuma ina ganin hannun masu irin tunaninsa a yadda aka raini Nog.

Abin da ba zan goyi bayan tsofaffin masu kallo a kansa ba shi ne yadda wasunsu suka kasa raba Wesley da Wil Wheaton. Yaro ne ɗan shekara 15 da aka miƙa wa takarda ya haddace, bai rubuta kalma ɗaya a cikinta ba, amma shi ya sha zagi da izgili, kuma ya yi bayani da kansa bayan ya girma a kan yadda abin ya yi masa ciwo. Ka kuma tuna cewa akwai yara da dama da suka kalli shirin a lokacin suna sa'anninsa, suka ga kansu a cikinsa, don haka son da kake yi masa ba baƙon abu ba ne. Ka ci gaba da kallonka a jere, idan ka kai Coming of Age za ka ga ya faɗi jarrabawar shiga makaranta, a Evolution kuma gwajinsa na makaranta ne ya kusa halaka jirgin. Bayan ka kalli The First Duty, ka nemo Heart of Stone ka kalle shi a ranar, sannan ka dawo ka gaya mana ko har yanzu kana ganin zango na ɗaya ya yi wa yaron adalci.