Murhun itace mai tsimi a tsakiyar bazara: abin da na gani a gidana

A Kano, daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko, ma'aunin zafi yakan kai 40 da rana, wani lokaci ya haura. Babu matar da ke zama gaban wutar itace a irin wannan lokaci don marmari. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira ta zube, kilon gas ya yi ta hawa har ya wuce naira 1,000, gidaje da yawa irin namu muka koma wa itace. Gidanmu gidan yawa ne. Gas sai na dafa ruwan shayi da ɗumame, amma tuwo da wake da dambu sai itace. Shi ya sa na sayi murhun nan mai tsimin itace, kuma yanzu da ya ga hunturu, ya ga bazara, ya ga damina a hannuna, zan iya faɗin abin da na sani a kansa, musamman a lokacin zafi, wanda shi ne mata suka fi tambayata.

Nawa ƙirar gida ce, wani mai walda ne ya haɗa shi. Ba irin Save80 ɗin nan ba ne da ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke yaɗawa, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Jikinsa ƙarfe ne, tsayinsa ya kusa gwiwa, an shafe cikinsa da yumɓu mai kauri da aka cuɗa da garin katako aka gasa. A ƙasa akwai ɗan ƙaramin baki da faranti inda ake ɗora itace, iska na shiga ta ƙarƙashin farantin. Wutar na bin wani siririn rami ta miƙe sama zuwa gindin tukunya, sannan akwai zoben ƙarfe da ke kewaye tukunyar, ya bar ɗan tsaga kamar kaurin ɗan yatsa. Wannan tsari ba a nan aka fara shi ba. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Winiarski, ne ya fito da shi a farkon shekarun 1980 tare da cibiyar Aprovecho da ke jihar Oregon, daga nan masu walda da maƙera a ƙasashe da dama suka ɗauka, kowa yana yi da kayan da ke gabansa.

Ranar da aka kawo shi, Inna, mahaifiyar maigidan, ta daɗe tana kallon bakinsa. Ta ce, "'Yar nan, wannan ɗan bakin ne zai dafa tuwon gidan nan?" Shi kuwa mai waldar abu ɗaya ya nanata min: "Hajiya, kada ki cika masa ciki. Sirara biyu ko uku sun ishe shi, ki riƙa turawa a hankali."

Abin da ya fi ƙayatar da ni a bazara ba tsimin itacen ba ne, ko da yake shi ma gaskiya ne. Ɗaurin da a da yake ƙarewa a girki biyu yanzu yana kai ni kusan huɗu. Abin da ya fi min shi ne inda zafin yake tafiya. A murhun duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran fa? Yana fita ta ɓangarori uku, ya bugi ƙwaurin mai girki, ya bugi cinyarta da fuskarta, ya cika wurin. Da sanyi ba ma ganin haka a matsayin asara, har yara kan zo su kewaye murhu suna jin ɗumi. Amma a watan Afrilu wannan zafin da ya ɓace daga tukunya jikinki ne yake sha. Shi wannan murhun, yumɓun da ke cikinsa na tsare wutar, zoben kuma na tilasta mata ta bi jikin tukunya kafin ta fita sama. Ina zama a kan kujera 'yar tsugunne dab da shi, ƙafata ba ta jin abin da take ji a da. Ƙurajen zafin da kan feso min a wuya da ƙirji duk bazara sun ragu sosai, kuma lokacin da nake ɗauka a gaban wuta ya gajarta, domin ruwa na saurin tafasa.

Azumin 2024 ya faɗo daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, kuma duk wadda ta yi girkin buɗa-baki a shekarar ta san abin da nake nufi. Aikin na faɗowa ne tsakanin azahar da magariba, lokacin da ƙasa ta gama shan rana, maƙogwaro ya bushe, ga kunun tsamiya, ga ƙosai, ga abincin dare. A nan ne na san darajarsa. Suyar ƙosai a kansa tana kyau ƙwarai, man na ɗaukar zafi da wuri ya kuma riƙe, matuƙar kaskon bai fi ƙarfin bakinsa ba. Inna da ta yi shakkarsa, ita ce daga baya take jawo tabarmarta kusa tana tura min itace.

Sai dai duk wannan ya dogara ne ga inda aka ajiye shi. Ɗakin girkinmu rufin kwano ne, da 'yar taga ɗaya. Da hunturu can yake zama, ƙofa a buɗe. Da bazara kuwa ɗakin ba ya shiguwa: kwano na sauko da zafi daga sama, murhu na tura nasa daga ƙasa, iska ba ta motsi. Kuma ba zafin kaɗai ne abin tsoro ba. Kowace wutar itace ko gawayi tana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya, wato daidai abin da mace za ta ce ai zafin gari ne ya dame ta, ta ci gaba da zama a ciki. Wannan murhun ya rage hayaƙin da ido ke gani, amma ba shi da bututun da zai fitar da saura waje. Don haka da zarar sanyi ya wuce nake fito da shi tsakar gida, ƙarƙashin inuwar darbejiya, inda iska ke ratsawa. Ina roƙon duk wadda za ta saya, kada ganin hayaƙi ya ragu ya sa ta shigar da shi ɗaki ta rufe ƙofa.

Ko a waje ma sai an lura. Bazara lokacin gobara ne, komai ya bushe ƙamas. Rumfar zana, dangar kara, tarin harawar dabbobi, duk a nisanta shi da su. Idan hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Afrilu da Mayu, iskar da ke zuwa gabansa takan taso ba sallama. In bakin murhun na fuskantar iska, wutar na ruruwa fiye da kima. In ta bugo ta sama, sai ta mayar da harshen wuta ta bakin itace zuwa wajen ƙafarki. Ni nakan juya bakinsa gefe, in jingina wani tsohon kwano ya kare shi.

Akwai kuma abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ya fi fitowa a lokacin zafi. Yumɓun nan da ke tsare wuta yana daɗewa bai huce ba. Da sanyi wannan alheri ne, ina ɗora tukunyar ruwan wanka bayan an sauke abinci, ta yi ɗumi ba tare da ƙarin itace ba. Amma da bazara a tsakar gida muke kwana. Idan aka gama tuwon dare bayan magariba, har a yi shimfiɗa murhun na nan yana huci, ga yara suna guje-guje ba takalmi cikin duhu in an ɗauke wuta. Murhun duwatsu yaro na ganin garwashi ya kauce, wannan kuwa daga waje ba ya nuna alamar komai. Ba a kuma watsa masa ruwa, domin yumɓun zai tsage. Abin da nake yi shi ne in kwashe garwashin in zuba a gwangwani mai murfi, ya mutu ya zama gawayin guga ko na kaskon turare, sannan in sa tsumma in ja murhun lungu in kife masa tsohon baho. Hannayensa ƙarfe ne zalla, suna ɗaukar zafi, kuma wannan gyara ne da ya kamata a ce an yi tun wajen ƙira.

Sai maganar tuwo, wadda ita ce jarrabawar kowane murhu a gidan Bahaushe. Talge yana dahuwa da kyau. Matsalar tana wajen tuƙi. Murhun dogo ne, gindinsa bai da faɗi, in kika sa muciya da ƙarfi sai ya riƙa rawa da tukunyar. Sai da na tokare shi da bulo ta gefe biyu kafin na samu natsuwa. Wutarsa kuma a tsakiya take taruwa, don haka bayan ruɗe dole a zare itacen a bar tuwon ya turara a kan garwashi, in ba haka ba ƙanzon zai ƙone ya ɓata ƙamshin. Waina kam ban ba da shawara ba. Gurbin tsakiyar tanda na ƙonewa na gefe bai yi ba. Babbar tukunyar biki ko suna ba ta hawa, ranar taro sai a koma wa duwatsu.

Yana kuma son a tsaya a kansa. Ba irin wutar da za ki cusa gungume ki tafi wanki ba ce. Itacen sai an faskara shi sirara, kuma ana turawa ne kaɗan-kaɗan. Wadda ba ta da mai faskare a gida ta sa wannan a lissafi. Marke da ƙirya su ne suka fi, suna ci a hankali su bar garwashi mai kyau, amma sun yi tsada, ƙirya ma ba kullum ake samunta wajen masu itace ba. Rassan darbejiya da aka sassabe suka bushe suna yi min daidai. Itacen bishiyar turare na kamawa da wuri ya ƙare da wuri. Kara da totuwar masara suna ci, sai dai tokarsu na saurin toshe hanyar iska, sai kin riƙa zaƙulowa. Wajen hura wuta, 'yan ƙirare da ɓawon gyaɗa sun wadatar. Leda da mata da yawa ke kunna wuta da ita, hayaƙinta guba ne, kuma narkakkiyar na manne wa farantin.

Wani abin da na lura shi ne bazara ce lokacin da murhun ya fi aiki da kyau, domin itace ya bushe har ciki. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta fara ƙone ruwan kafin ta ba tukunya zafi. Da ruwa ya sauka a watan Yuni itacen kasuwa ya jiƙe, hayaƙi na dawowa, kunkunniya ta kama gindin tukunya, murhun ya zama kamar sauran. Shi ya sa nake sayen itacen damina tun cikin Afrilu, a faskara, a jera a kan bulo ƙarƙashin rufi. Shi ma murhun ba a barinsa ruwa ya dake shi, ƙarfen na saurin tsatsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Idan na tuna yadda muke goya jarirai a baya muna hura wuta da baki, wannan adadi ba ya min kama da labarin nesa. Wannan murhun bai kai gas tsafta ba, kuma duk mai halin gas ya riƙe gas ɗinsa. Amma tsakaninsa da duwatsu uku akwai tazara mai yawa, idona ya daina ja, tarin da nake yi bayan girki ya ragu.

Abu ɗaya kuma da ke faranta min rai: tunda ƙananan rassa yake ci, ba sai an kayar da bishiya ba. A yankin Maraɗi na Nijar, tun shekarun 1980 manoma ke barin kututturen itatuwa su sake tofo a gonaki, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi su girma. Irin waɗannan rassan da ake ragewa su ne ainihin abincin murhu irin wannan.

Ga wadda ke da tsakar gida mai iska, iyali matsakaici, da wanda zai faskara mata itace, na ce ta saya, kuma ta saya kafin zafi ya kankama. Wadda ke zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya, ba wurin da za ta fito da shi, ko mai girkin sayarwa da manyan tukwane, ba nata ba ne. In za ki saya, ki tafi da tukunyar da kika fi girki da ita a gwada a gabanki, ki duba cewa yumɓun gasasshe ne ba ɗanye ba, ki sa hannu ki girgiza shi ki ga ko gindinsa na zaune. Na riga na yi magana da mai waldar kan na biyu da nake so, wanda zai ɗauki tukunyar tuwo babba: a faɗaɗa gindin, a sa katako a hannayen, a kuma yi wa bakin itacen 'yar ƙofa da za a rufe idan iska ta taso.