Yaya, ga abin da na gani a tafiyar asuba zuwa Taj Mahal

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na saurari saƙon muryarka, inda kake cewa fasinja ya ja baya a layin Gombe, kuɗin mai ya cinye riba, har kana tunanin ko ranakun Asabar ka riƙa kwasar mutane a bas ɗinka zuwa Yankari. Ban amsa maka nan take ba domin a makon ne mu ma muka shirya irin wannan tafiya a nan Indiya. Na ce bari in je in dawo tukuna, in ya so in ba ka labarin abin da idona ya gani.

Mu huɗu ne: ni, da ɗan Gomben nan da muke ɗaki ɗaya, da wasu 'yan Kano biyu. Shekarata biyu a Greater Noida ban taɓa leƙa Agra, garin da Taj Mahal yake, ba, alhali babban titin da ke kai mutum can, Yamuna Expressway, daga garin namu ya faro. Tsawonsa kilomita 165, an buɗe shi a 2012.

Ta waya muka gama komai da kamfanin da ya shirya mana tafiyar. Muna biyan kuɗi suka turo mana saƙo a WhatsApp mai ɗauke da sunan direba, lambar mota, lokacin da zai zo, da abin da kuɗinmu ya ƙunsa: mota, mai, kuɗin hanya da ɗan jagora. A ƙasa kuma suka rubuta ƙarara cewa tikitin shiga da abinci namu ne. An ce ƙarfe 2:30 na dare. Biyu da minti ashirin direba ya kira ya ce yana bakin ƙofa. Yaya, wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, don na tuna zaman da muke yi a tasha, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya tun hantsi har rana ta take. Kuma na san ba son ranku ba ne. Direban da ya tashi da kujera biyu babu kowa, daga aljihunsa zai cike giɓin. A nan kuwa an riga an biya kujerar tun jiya, ko mai ita ya zo ko ya makara, shi ya sa direba ke iya cika alkawarin lokaci ba tare da ya yi asara ba.

Hanya ba abin cewa. Layi uku-uku ne kowane ɓangare, ba rami, ba wanda ya tsayar da mu. A wurin biyan kuɗin hanya ma direba bai zuge gilashi ba. Akwai wata 'yar takarda manne a gaban motar, FASTag, na'ura ce ke karanta ta ta cire kuɗin. Dab da Agra muka tsaya muka yi sallar asuba, muka sha shayi mai citta a ɗan kofin ƙasa. Mai shayin bai karɓi tsabar kuɗi ba, waya muka haska a jikin wani ɗan allo da ya rataye, kuɗin ya shiga.

Dalilin sammakon shi ne ana buɗe ƙofa rabin awa kafin fitowar rana. Wanda ya riga shiga ya tsira daga zafi da cunkoso, kuma shi ne zai ga yadda dutsen ke sauya launi. Motarmu ba ta ƙarasa ba. Ba a barin mota mai hayaƙi ta matso kusa da ginin da mita 500, saboda hayaƙi na mayar da farin dutsen rawaya, don haka aka ɗauke mu a wata 'yar mota mai batir zuwa ƙofar gabas. Layin maza daban, na mata daban, a caje ka tsaf. Ba a shiga da abinci ko taba.

Maganar tikiti sai da ta ɗan sosa mini rai. Ɗan ƙasa rufi (kuɗin Indiya) 50 yake biya, baƙo irina rufi 1,100, ninki 22 ke nan. Wanda zai hau har cikin ɗakin kabarin ya ƙara 200, wannan kam kowa da kowa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 kyauta ne, kuma tikitin na awa uku ne. An haɗa mana da robar ruwa da wani ƙyalle da ake sa wa takalmi don kada a ɓata daɓen. Daga baya da na ga wani tsoho da zugar jikokinsa, da gani daga ƙauye suka fito, suna shiga da 'yan kuɗin da ba su fi na shayi ba, sai raina ya yi sanyi. Gadon kakanninsu ne, bai kamata talauci ya hana su ganinsa ba. Abin da ya sa ban ji an cuce ni ba shi ne farashin a rubuce yake a allo, ba wanda ya kalli fuskata ya yanka mini.

Yanzu ga wanda na fi so in ba ka labarinsa, ɗan jagoranmu. Dattijo ne Musulmi, haifaffen Agra, da katin shaidar izinin aiki rataye a wuya. Bai bar mu mun ruga ɗaukar hoto ba. A babbar ƙofa ya tsayar da mu ya ce mu ɗaga kai. Rubutu ne da baƙin dutse a jikin fari, ya kewaye bakin ƙofar. Na fara bi da ido, sai na ji bakina yana karantawa da kansa: Wal Fajri ce, wadda muka haddace a zauren Malam muna yara, har zuwa ƙarshenta inda ake kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljanna. Ga shi kuma da asubar muke tsaye. Tsigar jikina ta tashi. Dattijon ya ce mai rubutun sunansa Amanat Khan, mutumin Shiraz ta ƙasar Farisa, kuma ya nuna mana yadda baƙaƙen sama suka fi na ƙasa girma kaɗan, don wanda ke tsaye a ƙasa ya gan su daidai wa daida. Da ni kaɗai na zo, wallahi wucewa zan yi ban lura ba.

Muka ratsa duhun ƙofar, sai ga shi can ƙarshen lambu. Da farko toka-toka ne kamar hazo, da rana ta ɓullo ya yi ja-ja, kafin mu ƙarasa gindinsa ya koma fari fat. Ba zan iya kwatanta maka ba, hoton kalanda bai kama ƙafarsa ba.

Muna tafiya yana ba mu labari, ba gaggawa. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi saboda matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a kan gwiwa a 1631, wajen haihuwarta ta 14. Da ya faɗi haka sai na ji matar ta zama kamar 'yar unguwarmu, don mu ma mun san wannan rashin, ba sau ɗaya ba. An fara aiki a 1632, aka gama duka a 1653, da ma'aikata wajen 20,000, ƙarƙashin babban magini Ustad Ahmad Lahori. Farin dutsen daga Makrana ta jihar Rajasthan aka jawo shi. Hasumiyoyi huɗun da ke kusurwoyi, kowace ta kai mita 40, an ɗan karkatar da su waje da gangan, don in girgizar ƙasa ta kayar da su kada su faɗo kan ƙubbar. Furannin da ke jikin bango kuwa ba fenti ba ne. Sassaƙa dutsen aka yi aka cusa ƙananan duwatsu masu launi, sai ka shafa ka ji sumul. Akwai masallaci na jan dutse ta yamma, da wani gini irinsa sak ta gabas da aka yi don kawai ɓangarorin su yi daidai. Ranar Juma'a ana rufe wurin ga masu yawon buɗe ido saboda salla.

A cikin ɗakin ba a ɗaukar hoto. Abin da ake gani a sama alama ce kawai, ainihin kaburburan suna wani ɗaki a ƙasa. Na yi musu addu'a. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na san abin da malamanmu ke faɗa a kan yin gini bisa kabari, kuma yana raina duk tsawon tsayuwar. A nan ne na tuna kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke garinmu Bauchi, wanda aka buɗe a 1979. Ka bi ta duhun lungu, haske yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ka fito fili ba rufi, sai sama a kanka, ga kabarin Firayim Minista guda ba wani ƙawa. A nawa ganin wannan ya fi kusa da abin da aka koya mana. Sau nawa muka wuce ta ƙofarsa a mashin ba mu ko waiga ba? Ni sau ɗaya na taɓa shiga, muna firamare.

Kada ka ɗauka komai nasu daidai ne. Da muka fito, dattijon nan da na ji ina girmamawa ya ce zai kai mu mu ga jikokin masu sassaƙar. Ashe shago ne. Aka zaunar da mu, aka kawo shayi, aka yi ta fito da faranti da akwatunan dutse masu tsadar gaske, kusan awa guda, ba mai niyyar saye a cikinmu. Direba ne ya gaya mana daga baya cewa ɗan jagora na da la'ada a kan duk abin da baƙo ya saya. Abin ya ba ni haushi, don lokacinmu muka biya, kuma ba a rubuta wannan a saƙon ba. Ga masu talla da ke bin ka har bakin mota. Ga kallo. Baƙar fata a nan ba ya sakewa, wasu su nemi hoto da kai cikin ladabi, wasu su ɗauka ba tambaya. Baƙon da ya sauka a Bauchi ba ya ganin haka, sannu da zuwa zai sha har ya gaji. Kogin Yamuna kuma da ke bayan ginin ya ƙazantu, ban so na matsa kusa da shi ba. Na tuna ruwan Wikki na Yankari, garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Karin kumallo ma gurasa ce mai dankali a ciki da kindirmo. Ta ƙosar, amma ina ita ina masar Bauchi da miyar taushe. Na sayi alewarsu ta kabewa da ake kira petha, zaƙinta ya yi yawa.

Mun biya ta ganuwar Agra, wadda Sarki Akbar ya fara ginawa a 1565. A can ɗan Shah Jahan, Aurangzeb, ya tsare shi daga 1658 har ya rasu a 1666, yana hango ƙubbar matarsa ta taga. Kafin la'asar muna gida.

To Yaya, game da shawararka, ni ina ganin ka gwada. Mota kana da ita, hanyar kuma ka san ta kamar tafin hannunka, tunda kullum kana wuce mararrabar Dindima, inda ake karyawa zuwa Yankari. Abin da za ka ƙara shi ne karɓar kuɗi kafin ranar, da rubuta wa mutane abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, kuɗin shiga ne, abinci ne, motar zagaya daji ce, don kada a yi cacar baki a ƙofar shiga dajin da ke Mainamaji. In ka ce bayan sallar asuba, to ana sallamewa a tashi, ko da kujera biyu ba kowa. Sau biyu za ka yi haka gari ya ɗauka. Namun daji ma da sanyin safiya suke fitowa, musamman da rani da suke taruwa a bakin kogin Gaji.

Amma abin da zai sa wanda ya je ya turo maka wani shi ne mai ba da labari. Mutum nawa cikin masu zuwa wanka Wikki suka san an keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ko cewa faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200? Nawa ne suka san da kogwannin Marshall da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki, ko rijiyoyin Dukkey, ko tsofaffin matoyar ƙarfe? Ga gidan Madaki a Kafin Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Wannan ma tafiyar yini guda ce mai zaman kanta. Ɗan wajen Goggo da ya karanta tarihi yana zaune ba aiki, ga shi da bakin magana. Ka ɗauke shi, ka yanka masa albashinsa a fili cikin kuɗin tafiyar, don kada wata rana ya koma neman la'ada a bayan fasinjanka.

In ka samu sarari wannan makon, ku je kabarin Tafawa Ɓalewa kai da shi, ku zauna da ma'aikatan wurin su ba ku bayanin duhun lungun da launukan bangon, ya rubuta. Ka kuma tambayo mini kuɗin shiga Yankari na yanzu, na manya da na yara da na ɗalibai, sai mu yi lissafin kujera tare ta waya ranar Lahadi.

Akwai wani yaro da zai taso nan ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa. Don Allah Inna ta ba shi kuka da daddawa da ɗan yaji, nawa sun ƙare tun azumi. Ka gaishe ta, ka gai da Anti da yara, da mutanen tasha baki ɗaya.

Naka ƙane.