GARGAƊI GA MARUBUTA: Mai "tallata littattafan yara" ya cinye min N385,000 da kwafi 300

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma jiya na samu labarin ya sake tunkarar wata baiwar Allah da irin zancen da ya yi min, ko wasali bai canza ba, shi ya sa na ce yau sai kowa ya ji. Akwai wani mutum a garin nan na Kano da yake bin marubutan da suka buga littafi da kuɗin aljihunsu, musamman masu littafin yara, yana cewa kamfaninsa ne yake shigar da littattafai makarantun kuɗi, ya kai su rediyo, ya tallata su a Facebook. Ƙarya yake. Ni ya karɓe min N385,000 da kwafi 300 na littafina. N385,000, jama'a. Ina rubutun nan raina yana tafasa.

Sunansa da hotonsa ba zan saka yanzu ba, don lauyan da Yayana ya haɗa ni da shi ya ce in dakata har takarda ta shiga kotu. Amma rasit na taransifa guda huɗu suna nan, hirarmu ta WhatsApp tana nan, muryoyinsa suna nan, ban goge ko ɗaya ba. Zan ɗora su, na rantse zan ɗora.

Kafin wani ya zo yana ce min "ke ma da garaje", bari in faɗa muku ni ba yarinya ba ce. Malamar firamare ce ni, kuma littafin nan ba a dare ɗaya na yi shi ba. Shafi 32 ne, mai launi, labarin wata yarinya da ɗan akuyarta, da Hausa mai sauƙi don 'yan aji biyu da aji uku. Mai zane na biya shi haƙƙinsa cif. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na bi hanya na karɓo daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ban saya a hannun ɗan kan titi ba. Ɗibar adashena na haɗa da abin da maigida ya ƙara min na buga kwafi 1,000, kowane ɗaya ya tsaya min a kan N900, don duk wanda ya leƙa maɗaba'a kwanan nan ya san yadda takarda ta yi tsada, balle bugu mai launi. Na sa masa farashi N1,500. Duk wannan ni kaɗai na yi, ba wanda ya cuce ni ko sisi. Wadda ta iya wannan ba sakarya ba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne sayarwa. Wanda bai taɓa buga littafi ba ba zai gane ba. Katan-katan suna jibge a ɗaki, kullum ka shiga sai sun kalle ka. Na kai shagunan littattafai na wajen Bata da Sabon Gari, masu kirki ne, amma ƙa'idarsu ɗaya ce: ajiye goma, in an sayar ka zo ka karɓa. Kuma littafin yara ba kamar littafin soyayya ba ne da mai karatu zai zo da ƙafarsa ya nema. Yaro ba ya sayen littafi. Uwa ce ko uba, su kuma abin da makaranta ta rubuta a jerin littattafai shi suke saya, sauran sai in kuɗi ya ragu, kuma ba ya raguwa. Duk mai littafin yara ya san ƙofar ita ce makaranta. Shi ma mutumin nan ya sani. Ƙofar ya tsaya a bakinta yana jiran irinmu.

Ni ban neme shi ba, shi ya nemo ni. Na ɗora hoton bangon littafin a Facebook, sai ga saƙo: "Malama, barka da ƙoƙari, na sayi littafinki, ina son mu yi magana." Muka yi waya, ya ce in zo ofis. Ban tafi ni kaɗai ba, da ƙanena na tafi, a rubuta wannan. Ofis ne a saman bene a Zoo Road, da tebur da kwamfuta da fanka, da kalanda a bango, da littattafan mutane a jere a kanta. Ya miƙe ya gaishe mu, ya sa aka kawo mana ruwan roba. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko littafina. Nawa. Gefen bangon har ya ɗan lanƙwashe, alamar an sha buɗawa. Ya buɗe shafi na 14, inda ɗan akuyar ya ɓace yarinyar ta zauna a bakin zaure tana kuka, ya ɗora yatsa a kan hoton ya ce, "Malama, kin ga nan? 'Yata ba ta barci sai na karanta mata nan. Jiya har cewa ta yi, Abba, a kira matar da ta rubuta a ce ta dawo mata da akuyarta."

To ku gaya min. Wace marubuciya ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta narke ba? Shafi na 14. Bai yi kuskuren shafin ba, bai laluba ba, kai tsaye ya buɗe. Har yanzu in na rufe ido yatsan nan nake gani a kan hoton, da zoben azurfa. Ƙanena ma da yake da taurin kai, da muka sauko cewa ya yi, "Yaya, wannan ya san abin da yake yi." Ba ni kaɗai na yarda ba. Shafi na 14! Kuma baiwar Allahn da na ce muku ya tunkara, ita ma littafinta ya ɗauko daga aljihun tebur, ita ma 'yarsa ba ta barci sai an karanta mata. Ashe sana'a ce. Ko yana da 'yar ma, Allah masani.

Kuɗin ba a dunƙule ya karɓa ba, da a dunƙule ya ce N385,000 da na tashi na bar masa ofis ɗinsa. Na farko N150,000, wai kuɗin shigar da littafin makarantu 40, ya ba ni jerin sunayensu a takarda mai tambarin kamfani da lambar rajista a ƙasa: na Hotoro, na Gyaɗi-Gyaɗi, na Sharaɗa, na Rijiyar Zaki, na Kabuga. Na tambaye shi, ni da bakina na tambaya, na ce ai makarantu tun hutun ƙarshen shekara suke fitar da jerin littattafansu, kafin komawa a watan Satumba, yanzu kuma zango ya yi nisa. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, wannan na littattafan darasi ne. Naki littafin ƙarin karatu ne, kowane zango ana iya shigar da shi." Kuma maganar ba ta rasa kan gado ba, shi ya sa ta shige ni. Daga nan N120,000 na rediyo. A'a, tsaya, na Facebook ne ya riga, N85,000, don na tuna ranar albashi bai shigo ba sai da na ranta a wajen abokiyar aikina. Sannan na rediyon N120,000. Sannan N30,000 kuɗin mai da na yaran da za su rarraba. Ku haɗa da kanku: N385,000.

Kwafi 300 kuwa tun kafin kuɗin rediyo ya aiko mai adaidaita sahu ya kwasa, katan uku, ni na taya ɗorawa. A farashin N1,500 kuɗinsu N450,000 ke nan. Ban ma son haɗa lissafin gaba ɗaya.

Asusun da na tura kuɗin na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma na lura, kada wani ya zo yana koya min. Na yi magana. Ya ce asusun kamfani banki sun riƙe shi saboda sabunta takardu, ga na akawunsa. A ƙasar nan wa banki bai taɓa riƙe wa asusu ba? Wa?

Abin da ya fi ƙona min rai rediyon nan ne. Ya turo min talla ta WhatsApp, muryar yaro tana kiran sunan littafina, da kiɗa a ƙasa, wallahi da daɗi. Ya ce za a saka ranar Asabar bayan labaran safe. Na gaya wa Hajiyarmu, na gaya wa dangin maigida, na sanar a ɗakin malamai, har shugabar makarantarmu ta ce za ta kunna. Asabar ta zo muka kewaye rediyo da yara. Aka gama labarai, aka yi tallar taki, aka yi ta maganin sauro, aka shiga gaishe-gaishe. Shiru. Ƙaramin ɗana yana ta tambaya, "Umma, yaushe za a faɗi naki?" Na kira shi ya ce an ɗaga saboda wani shiri na musamman. Mako na gaba ya ce mai gabatarwar ya yi tafiya. Da na gaji na je gidan rediyon da kaina, ma'aikacin sashen talla ya duba littafinsu tsaf, cikin mutunci, ya ce ba wanda ya taɓa biyan ko kwabo da sunan littafin nan, kuma su duk tallar da aka biya suna ba da rasit da jadawalin lokutan da za a saka. Ranar Litinin haka na shiga ɗakin malamai kowa yana kawar da kai don kada ya ba ni kunya.

Na Facebook kuwa, ɗora hoton kawai ya yi a shafinsa. Dare ɗaya aka danna masa so har ɗari-ɗari, na yi ta murna. Sai daga baya ƙanena ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: babu Bahaushe ko guda, sunaye ne na wasu ƙasashe, babu wanda ya yi sharhi, babu wanda ya tambayi farashi. Sayen masu danna so ake yi. Kuma tallar da aka biya Facebook kuɗinta tana fitowa da alama a samanta, wannan ba ta da ita. N85,000.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin zuwa gidan rediyon na fara bin makarantun da ke takardar. Ta farko shugabar ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce ba ta taɓa jin sunan kamfanin ba, kuma su littafi ba ya shiga wajensu sai mai makaranta da malaman darasin sun gani sun amince. Ta biyu haka. Wata ma da aka rubuta a Sharaɗa, masu unguwar suka ce ta daɗe da rufewa. Lambar rajistar da ke ƙasan takardar, da aka duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wani kamfani ce dabam da ba ruwansa da littafi. Ofis ɗin Zoo Road kuma na wani mai buga takardu ne, aron tebur yake ba shi in zai ga baƙi, shi ma yanzu nemansa yake, yana bin sa kuɗi.

Sai ranar da na ga littafina a ƙasa. Na fito daga kasuwa ina neman abin hawa, sai ga mai baza tsofaffin littattafai a kan buhu a bakin titi, tsakanin tsofaffin mujallu da littattafan share fagen jarrabawa, ga yarinyata da ɗan akuyarta, guda bakwai a jere, ƙura ta rufe bangon, an danne su da dutse don kada iska ta kwashe. Na ce nawa? Ya ce, "Hajiya, kawo N500." Abin da na buga a N900. Na ce ina ka samo? Ya ce wani ne ya kawo musu katan a sari, N250 kowanne. Ban ce masa ni ce na rubuta ba. Bakina ya kasa.

Tun ranar lambarsa ba ta shiga, ya toshe ni a WhatsApp, shafin nasa ya canza suna amma hotunan suna nan, yana tsaye kusa da manyan mutane a wajen taruka, irin hoton da kowa zai iya matsawa ya ɗauka. Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na ba da bayani, lauya yana nasa aikin. Ban yafe ba. N385,000 da kwafi 300, Allah ya isa tsakanina da shi, har da kuɗin abokiyar aikina da nake biya yanzu daga albashi.

Ku masu littafi a ɗaki: kada ku ba kowa kuɗin shigarwa makaranta, ku je da ƙafarku ku ga mai makarantar. Rediyo ku biya a gidan rediyon ku karɓi rasit. Kada kwafi ya fita sai da takarda da sa hannu. Shi ke nan.

Duk wanda aka taɓa buɗe masa littafinsa a wani bene a Zoo Road aka ce masa wata yarinya ba ta barci sai da shi, ya yi min magana ta akwatin saƙo, lauya ya ce in mun yi yawa ƙarar ta fi ƙarfi. Mu biyu ne yanzu. Rasit ɗin da muryoyin suna tafe da zarar ya ba ni izini, kuma wanda ya ga ana sayar da littafin a ƙasa da N1,500 a ko'ina cikin gari, don Allah ya ɗaukar min hoton wurin.