Katifar faɗuwa ɗinkin Katsina

Mu masu hawan dutse ba igiya, katifar da ake shimfiɗawa a gindin dutse ita ce uwa ita ce uba. Ta ƙasar waje kuwa, yadda dala ta hau, ba ta taɓuwa. Shi ya sa na je wurin wani mai ɗinkin kujeru a Ƙofar Ƙaura, na zana masa abin da nake so: soso mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa, rufin tamfol, ta ninku biyu, da maɗaurin goyo.

Wata uku ke nan ina gwada ta a duwatsun wajen Dutsin-Ma, masu kaushin nan da kafin la'asar sun cinye maka fatar yatsu. Na taɓa suɓucowa daga tsayin kamar mita 3, na dira da dugadugai, ban ji ƙasa ba. Nan kam mai ɗinkin ya burge ni. Sai dai wurin ninkin ya bar shi fayau, babu soso. Ranar da ƙafata ta faɗa daidai nan, kwana biyu ina ɗingishi.

Dutsen da muka fi so a tsakiyar gonar wani dattijo yake. Da ya hango mu goye da katifa, ya ce, "Samari, kwana za ku yi?"

Na ce, "A'a Baba, izini muka zo nema."

Ya yarda, amma sai an yanke gero, kuma kada a taka masa wake. Mun koma da goro.

Jibi zan mayar da katifar a toshe wurin ninkin.