Shagon tura fim ɗin ban tsoro a Gusau

Akwai wani shagon tura fim a waya nan Tudun Wada, wallahi yaron ya san na ban tsoro, ba na jini da yanka ba, irin wanda uwa ta rasa ɗanta ta koma tsohon gida ita kaɗai, cikin dare tana jin takun sawu saman bene, har kai mai kallo ka kasa gane aljanu ne ko baƙin ciki ya taɓa mata kai. Hoto tas, sauti tas.

Matsalata guda, masu fassarar Hausa. Irin wanga fim shirun ne ke kama zuciya, mai fassara kuwa bai barin shi, sai surutu. Ku ce ya tura muku marar fassara, ku sa iyafis.