Tsofaffin ƙagaggun labaran kimiyya: wanne za ka saya?

Idan littafi ɗaya kuɗinka zai saya, ka ɗauki H. G. Wells. The Time Machine na 1895 bai wuce shafi 100 da ɗoriya ba, a zama biyu ka gama shi. Wells bai ɓata lokaci wajen bayanin yadda injin tafiya cikin zamani yake aiki ba, shi ya sa labarin bai tsufa ba. Ya kai matafiyinsa shekara ta 802,701, inda masu hali da ma'aikata suka rikiɗe suka zama jinsi biyu, ɗaya na cin naman ɗaya. The War of the Worlds na 1898 ma har yau yana da ƙarfi. Halittun duniyar Mars suka sauka kusa da Woking a Ingila, tun a babin farko kuma marubucin ya tuna wa Turawa abin da suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya.

Jules Verne shi ne inda ake tafka asara, kuma yawanci laifin masu fassara ne. Da Faransanci ya yi rubutu, fassarorin Ingilishi na farko kuwa an yi musu aika-aika. Da yake haƙƙin mallakarsu ya ƙare, su ne masu buga littattafai masu araha suke ta maimaitawa. Ga gwaji mai sauƙi: buɗe Journey to the Centre of the Earth. In ka ga sunan farfesan Hardwigg, ajiye shi, fassarar 1871 ce da ta canza sunaye ta kuma yi ƙare-ƙare. Sunansa na asali Lidenbrock. A Twenty Thousand Leagues Under the Seas kuwa, fassarar Lewis Mercier ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na littafin. Nemi ta William Butcher, bugun Oxford. Ko da fassara mai kyau, sai ka yi haƙuri da shafuka na jerin sunayen kifaye. Tsallake su ba laifi. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar da Chadi, ya huta da matsalar fassara.

Littafin Verne Five Weeks in a Balloon na 1863 zai ja hankalinka don ya ratsa Tafkin Chadi da Tumbuktu, amma yadda ya siffanta baƙar fata cike yake da raini.

Frankenstein na Mary Shelley iri biyu ne a kasuwa: bugun 1818 da gyararren 1831. Na 1818 ya fi kaifi, domin a na biyun an ɗora wa ƙaddara kaso mai yawa na laifin Victor, masanin da ya ƙirƙiri dodon labarin. Farkonsa wasiƙu ne masu jan ƙafa, Ingilishinsa kuma ya fi na Wells nauyi, don haka kada ka fara da shi.

Kafin ka biya, karanta babin farko kyauta a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai. Sai dai Verne ɗin da ke can galibi tsofaffin fassarorin nan ne.